Fentin cikin tanki: mai sitirin ko marar sitirin?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar masana'antar sabulun ruwa a Arkilla, nan Sakkwato. Tankin ƙarfen da muke jiƙa soda a ciki ya fara tsatsa, har sabulu na fitowa da ja-ja. Mai fenti ya kawo mini farashi biyu: na mai sitirin da na marar sitirin, na biyun ya fi tsada. Ko ƙarin kuɗin yana da amfani? Kuma zan iya shafa irinsa a tankin bilic?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Sitirin ruwan sinadari ne da ake tsinka wasu fenti masu danƙo da shi, irin su vinil esta da foliyesta, kuma yakan kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na abin da ke cikin gwangwanin. Wanda ya taɓa shiga inda ake aikin faiba ya san warinsa, mai sa hawaye da jiri. A 2018 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar daji.

Abin da ya fi damuna da shi a garinmu wuta ce. Daga zafin digiri 31 tururin sitirin na iya kamawa, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40 ko a inuwa. Tururin ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda yaro ke durƙushe da burushi. Mai walda ya kunna inji a gefe, sai dai Allah ya kiyaye. Don haka in mutum zai shiga ciki ya shafa, ni dai zan biya ƙarin.

Sai dai rubutun “babu sitirin” bai ce komai a kan ko fentin zai jure abin da za ka zuba ba. Soda takan zauna lafiya da efoksi, wani fenti mai danƙo wanda dama can ba a haɗa shi da sitirin. Nemi mai kauri marar tina, kamar nobolak. Amma ka faɗa wa dila cewa a cikin tankin kuke jiƙa ta, don soda na ɗaukar zafi sosai idan ta haɗu da ruwa. Ya nuna maka takardar kamfani mai bayanin ƙarfin soda da zafin da fentin ke jurewa. In ya fara kame-kame, nemi wani. Efoksin ma ba kanwar lasa ba ne: yana sa ƙaiƙayi da kumburin fata, dole a sa safar hannu da takunkumi, a kuma sa fanka tana fitar da iska.

Bilic kuwa yana cin yawancin efoksi. Sayi tankin roba mai kauri ka ajiye shi a inuwa, ka huta.

Inda kuɗi ya fi salwanta shi ne gyaran ƙarfe. Na taɓa leƙa wani tanki da aka goge da burushin waya kawai aka shafa fenti mai tsada. Kafin shekara ya ɗago yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sai an wanke ragowar soda tas, an yi feshin yashi har ƙarfe ya kusa zama fari, matakin da masu aikin ke kira Sa 2.5, a kuma shafa a ranar. Da hunturu a rufe bakin tanki saboda ƙura. Da bazara a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan da sassafe, don zafi na sandarar da haɗin tun yana cikin bokiti.

Kada ka cika wa mai fenti kuɗinsa sai ya bi cikin tankin da na'urar tartsatsi mai gano ƙananan huji, musamman wajen layin walda. Sannan ka jira kwanakin bushewa da kamfani ya rubuta kafin ka zuba soda.