Amsar tambayarka kan wariya a Ingila, Yaya

Yaya barka da warhaka, ya su Umma da yara. Na ji saƙon muryarka tun shekaranjiya, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Ka ce a majalisarku ta Ƙofar Mata an yi ta musu, wani da ya zo hutun sallah daga Landan ya rantse babu wata wariyar launin fata, mu ne muka cika ƙorafi, kai ma kuma kana ganin kamar da gaskiyarsa tunda shekarata goma sha huɗu a Manchester ban taɓa kawo maka kuka ba. To wallahi akwai, sai dai ba irin wadda kuke zato ba ce, da wuya wani ya tsaya ya zage ka ido da ido, da murmushi ake yinta, shi yasa wanda aka yi wa ma sai ya koma gida yana tambayar kansa anya ba ni ce na fassara ba daidai ba?

Bari in ba ka misali. A asibitin da nake aiki na taɓa zuwa zan sa wa wata dattijuwa ruwa, na riga na ɗaura mata igiya a hannu ina neman jijiya sai ta janye ta ce a kira mata nas 'yar ƙasa. Na faɗa wa shugabarmu, ta dafa kafaɗata ta ce ai tsufa ne da ciwo, kar in sa a raina. Wannan da sauƙi. Wanda ya fi ci mini rai yarinyar da ni na koya wa aiki, har yadda ake rubuta rahoton miƙa aiki, bayan shekara biyu ita aka ɗora a kaina, da na tambayi dalili aka ce aikina babu laifi amma ban cika sakin jiki da mutane ba. Me za ka kama a nan ka kai ƙara?

Kuma ba zargi na kawai ba ne. A 2019 masu bincike a jami'ar Oxford sun tura takardun neman aiki iri ɗaya sak, suna da asali kawai suka canza, sai ga shi wanda ba Bature ba sai ya tura ƙarin kashi 60 cikin ɗari kafin a kira shi kamar yadda ake kiran Bature. Tun 1999 rahoton Macpherson kan kisan yaron nan Stephen Lawrence da aka yi a 1993 ya ce wariya ta shiga jinin hukumar 'yan sandan Landan, a 2023 wani binciken ya sake faɗar haka, amma shugaban 'yan sandan ya ƙi yarda ya furta cewa ta shiga jinin hukumar. Musun nan ya fi abin da aka yi maka zafi, kamar a taka ka kuma a ce ƙafarka ce ta shigo hanya.

Ka tambaya me yasa ba ma kai ƙara. Doka tana nan, ta daidaito ta 2010, kuma tana aiki idan kana da hujja. Amma yawancin 'yan'uwanmu da suka shigo daga 2022 aikin kula da tsofaffi ne ya kawo su, bizarsu a hannun mai aikin take, ya sallame ka kwana 60 gare ka ka samu wani ko ka tattara, ga bashin da aka ci a gida, wani filin gado aka sayar a Gaida ko Rijiyar Zaki aka turo shi, ta yaya zai buɗe baki? Shi yasa mu da muka daɗe muka sa wa kanmu tsari. Duk sabon zuwa a wajen suna ko karatun Lahadi za a ja shi gefe a ce ka shiga ƙungiyar ƙwadago tun albashin farko, duk abin da aka yi maka rubuta rana da lokaci da wanda yake wajen, magana ta baki ka bi ta da imel, kuma kar ka shiga ofishin manaja kai kaɗai. Dattawanmu har yanzu haƙuri suke bayarwa, wai baƙo ba ya ɗaga murya. Yaranmu da aka haifa a nan kuwa ba su san wannan ba, 'yata a aji huɗu da aka ja mata hijabi ita da kanta ta je wajen hedimasta, kuma ni ina bayanta.

A ƙarshen Yuli zuwa farkon Agustan 2024 da tarzoma ta ɓarke bayan kisan yara uku a Southport, aka jefi masallacin garin, aka kai hari otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham, mako guda muka rufe Islamiyya. Maƙwabciyata Baturiya ita ta riƙa yi mini cefane, wannan ma gaskiya ce kuma ba zan ɓoye ta ba.

Shi kuma mutumin majalisarku ban ce maƙaryaci ba ne. Mu ma idan mun sauka a filin jirgin Malam Aminu rufin asiri muke yi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ka faɗa a ce to ki dawo mana, alhali kuɗin makarantar yara biyar a wuyanka yake. Ni dai saboda hawan jinin Umma na yi shiru, don Allah kar ka karanta mata wannan. Shi kuma Abba da yake ta maganar tahowa, ka ba shi wayar ran Juma'a bayan la'asar ɗinku, ina hutu, zan yi masa bayani da kaina.