Amsa: Yadda ake tsara gyaran bulon tanderu idan an tsayar da masana'anta

Assalamu alaikum. Injiniya, ka tambayi yadda za ku tsara sauya bulon da ke jure wuta a cikin tanderunku, ganin cewa makonni uku kacal aka ba ku na tsayar da aiki. Na daɗe a wannan fanni a ɓangaren siminti a nan Gombe, kuma a ganina rabin aikin ana yin sa ne tun wuta tana ci.

Tun da sauran watanni, ku riƙa auna zafin jikin tanderun daga waje, mita bayan mita, kuna rubutawa. A tanderun siminti irin na Ashaka, wanda dogon bututun ƙarfe ne mai juyawa da aka jera wa bulo a ciki, kayan da ake gasawa suna kai digiri 1,450, saboda haka duk inda ƙarfen waje ya riƙa haura digiri 350, ku sa masa ido, domin ko dai bulon ya cinye ko kuma dasken kilinka (gasasshen kayan da ake niƙawa ya zama siminti) da ke manne da bulon yana kare shi ya faɗi. Wannan rubutun ne zai nuna muku mita nawa za a fasa da irin bulon da za ku saya, na magnesiya a inda wuta ta fi ƙarfi, na alumina a sassan da zafinsu bai kai haka ba. Ku ba da oda da wuri kuma ku ƙara a kan lissafinku, domin kaya ne da ake kawowa ta jirgin ruwa, sai sun fita daga tashar Legas sannan su kamo doguwar hanya, kuma idan aka shiga aka huda bulon aka auna kaurinsa, sau da yawa ɓarnar takan zarce abin da aka zata. Bulon magnesiya ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Idan ya kwana a fili cikin ruwan Agusta, zai tsattsage tun kafin magini ya taɓa shi.

Sannan makonni ukun nan ba naku ba ne duka. Dole a bar tanderun ya huce a hankali ana jujjuya shi don kada ya lanƙwashe, kuma kada kowa ya shiga sai an kulle wutar lantarkin injin, an kakkaɓe dasken da ke rataye a sama.

Inda na fi ganin ana asara shi ne ƙarshen aiki. Siminti mai jure wuta da ake zubawa a bakin tanderu da ma'ajiyar sanyaya kilinka yana buƙatar ruwa mai tsabta, gwargwadon abin da masu kayan suka rubuta, ba yadda mai kwaɓawa ya ga dama ba, kuma a zafin Maris da Afrilu yakan daskare da sauri, shi ya sa na fi son a zuba shi da dare. Bayan ya kama, sai a ɗora zafi kaɗan kaɗan, a dakata a wajen digiri 110 har ruwan ciki ya fita. Idan aka gaggauta, tururi ya rasa hanya, sai ya fasa aikin. A daidai wannan lokacin ne kuma manya suke matsa lamba a fara fitar da kaya, kowa yana kallon agogo. Don haka ku karɓi jadawalin ɗumamawa daga masu kayan, ku cire kwanakinsa daga makonni ukun, kuma manaja ya sa hannu a kai tun kafin a kashe wuta.