Ɗalibanmu na ɓacewa tun a aji ɗaya, kwamiti ya ce a ƙara makin shiga: haka Astin ya ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Farfesa. Ni malama ce a wata jami'a, shekara uku ke nan ni ke kula da 'yan aji ɗaya a sashenmu. Abin da ke hana ni barci shi ne, duk shekara sai in buɗe rajistar zango na biyu in tarar wasu sunaye sun ɓace. Ba korarsu aka yi ba, ba su kuma rubuto takardar ajiye karatu ba, kawai an daina ganinsu ne. An kafa kwamiti, kwamitin ya ce maganin abin shi ne a ƙara makin shiga don a daina kwaso mana marasa ƙoƙari. Wani babba a cikinmu ya ce ai binciken Alexander Astin ma ya tabbatar da cewa makin da ɗalibi ya shigo da shi ne ke nuna ko zai kammala. Wane ne wannan Astin, kuma da gaske haka ya ce? Mako mai zuwa za a kai rahoton gaba, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Zuciyarki ta yi gaskiya da ta ƙi kwanciya. Babban naku ya ɗauko rabin maganar Astin ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ne wanda mutumin ya ƙarar da rayuwarsa a kai.

Astin Ba'amurke ne, an haife shi a Washinton a 1932, ya rasu a watan Mayun 2022 yana da shekara 89. Digirinsa na farko a kiɗa ya yi, daga baya ya koma nazarin halayyar ɗan Adam, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Maryland a 1958. A 1966 ya ƙirƙiro wani bincike da ake yi wa sababbin ɗaliban kwalejojin Amurka duk shekara tun ranar da suka shigo, a tambaye su daga ina suka fito, me suka sani, me suke buri, sannan a bi wasunsu a ga yadda suka ƙare. A 1973 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles da wannan aiki, kuma miliyoyin ɗalibai sun cike takardar tun daga lokacin. Matarsa Helen ita ma masaniya ce a wannan fage, tare suka yi aiki har ta riga shi rasuwa a 2015. Wannan ya isa game da tarihinsa, mu dawo kan kwamitinku.

Gaskiya ne Astin ya gano cewa sakamakon sakandare da makin jarrabawar shiga suna hasashen kammalawa sosai. Amma kin san me ya sa ya tono wannan? A farkon shekarun 1960 ana ta yabon wasu kwalejoji a Amurka wai su ne ke haifar da masu digirin digirgir. Da ya duba, sai ya ga mafi yawan bambancin ya samo asali ne daga irin ɗaliban da kwalejojin ke ɗauka tun farko. Zaƙaƙurai suke karɓa, zaƙaƙurai suke yayewa, sai su yi ta bugun ƙirji. Daga nan ya kafa ƙa'idar da ta yi masa suna: ba a auna makaranta sai an duba abu uku tare, wato abin da ɗalibi ya shigo da shi, da abin da makaranta ta yi da shi, da yadda ya fita. Wanda ya duba na ƙarshen kaɗai ya yaudari kansa.

A 1997 ya fito da hanyar lissafi ƙarara. A ɗauki bayanan ɗaliban da makaranta ta karɓa, a lissafa kashi nawa ake sa ran za su kammala, sannan a kwatanta da waɗanda suka kammala a zahiri. Ga misali daga kaina: a ce makaranta ta farko ana sa ran 90 cikin 100 za su gama, sai 82 suka gama. Ta biyu ana sa ran 40, sai 55 suka gama. A takarda ta farko ce gwana. A ma'aunin Astin kuwa ta farko ta zubar da yara takwas da bai kamata ta zubar ba, ta biyu ta ceto goma sha biyar.

To, a nan ne nake son in daɗe, don wannan gurguwar fahimta ta ishe ni. Kusan duk zaman da na halarta kan ficewar ɗalibai, kafin a gama shan shayi wani zai ce a ƙara makin shiga. Ki yi tunanin asibitin da ya ga majinyata na mutuwa, sai ya rubuta a ƙofa cewa daga yau masu mura kawai zai riƙa karɓa. A ƙarshen shekara alƙalumansa za su yi kyau ƙwarai, babu mamaci ko ɗaya. Likitocinsa sun ƙara ƙwarewa ne? Ko kusa. Masu ciwon sun koma mutuwa a gida ne, inda ba a ƙirga su. Idan kun ƙara maki, adadin masu kammalawa zai iya tashi, shugabanni su ji daɗi, a buga a mujallar yaye ɗalibai. Amma babu malamin da ya gyara koyarwarsa, babu gado ɗaya da aka ƙara a ɗakin kwanan ɗalibai. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma wa za a rufe wa ƙofar? Yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye inda malamin lissafi ɗaya ke riƙe da makaranta duka, wanda makinsa ya nuna talaucin makarantarsa fiye da yadda ya nuna ƙwaƙwalwarsa. Astin ya tsufa yana faɗa da wannan ɗabi'a. Yana da shekara tamanin da 'yan kai, a 2016, ya sake fitar da littafi guda a kan yadda jami'o'i suka shagala da farautar masu kaifin basira suka manta aikinsu shi ne su ƙara wa mutum basirar. Yanzu a ɗauki sunan wannan mutumi a kafa hujjar tace ɗalibai, ai an shafa masa kashin kaji yana kabari.

Kuma ki lura da abin da ke cikin tambayarki. Kin ce ba korarsu aka yi ba. Vincent Tinto, wani jigon wannan fage, ya daɗe da nuna cewa yawancin masu barin kwaleji a Amurka da ƙafarsu suke fita, ba faɗuwa jarrabawa ke fitar da su ba. Kwamitinku ya duba makin shigar waɗanda suka ɓace kuwa? Ina kyautata zaton bai duba ba.

Na taɓa samun wani yaro a ajina, mai zama a layin gaba, rubutunsa kamar an buga da na'ura. Zango na biyu na neme shi na rasa. Bayan wata huɗu na gan shi a bakin tasha ƙarƙashin lema yana sana'ar cirar kuɗi da POS. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Ashe bai samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, daga gidan kawunsa a ƙarshen gari yake zuwa, mota biyu kafin ya iso, lakcar ƙarfe takwas kullum a bakin ƙofa take ƙare masa, malamin kuma ba ya bari a shiga bayansa. Babu wanda ya san shi a ajin balle ya ara masa littafi. Ya ce mini, "Malam, da na daina zuwa ko mutum ɗaya bai kira ni ba." Har da ni a cikin waɗanda ba su kira ba. A rajistar ofis an rubuta shi cikin waɗanda suka gaza.

Abin da Astin ya ce yana riƙe ɗalibi ke nan, kuma a 1984 ya tattara shi a ƙa'ida guda: gwargwadon ƙarfi da lokaci da hankalin da ɗalibi ya zuba a rayuwar makaranta, gwargwadon koyonsa da zamansa. Tun a bincikensa na 1975 ya ga cewa kwana a cikin makaranta, da shiga ƙungiyoyin ɗalibai, da ɗan aikin wucin gadi a cikin harabar, duk suna ƙara yiwuwar kammalawa, yayin da cikakken aiki a waje ke rage ta. A 1993 ya ƙara da cewa abokan karatu ne suka fi komai tasiri a kan ɗalibi, sai mu'amala da malamai. Ya ce lokacin ɗalibi na iya zama dukiya mafi tsada da makaranta ke da ita. Ki tuna wannan duk ranar da kika ga 'yan aji ɗaya sun yi mako uku a layin rajista daga wannan ofis zuwa wancan saboda sa hannu ɗaya, ko malami ya buɗe lakcar farko da cewa a sakamakon jarrabawa A ta Allah ce, B tasa ce.

Hattara da abu biyu. Alƙaluman Astin na Amurka ne, daga makarantun da ba su san yajin aikin watanni ba, don haka ɗauki hanyar tunaninsa ki auna da naku bayanan. Sannan ki guji masu yawo da manhaja suna cewa kwamfuta za ta gano muku wanda zai gudu. Ko ta gano, wa zai ɗaga waya ya kira yaron? Jami'ar da ba ta iya amsa takardar ɗalibi cikin wata guda ba, manhaja ba za ta koya mata kulawa ba.

Kafin zaman mako mai zuwa, ki zauna da jerin sunayen shekara ukun nan. Gaban kowane suna ki rubuta makin shigarsa, da sakamakonsa na zangon farko, da ko ya samu gado ko daga gari yake zuwa. Ki sa wakilin aji ya nemo miki lambobin goma daga cikinsu, ki kira su da kanki, ki tambaye su ranar da suka yanke shawarar dainawa da abin da ya faru a makon. Ki kai wa kwamiti wannan a shafi ɗaya, don ba za su karanta biyu ba. Idan ta tabbata duk masu ƙaramin maki ne suka tafi, ki rubuto mini in janye maganata a wannan fili. Idan kuwa kin samu masu babban maki a ciki, ki nemi a dakatar da rahoton, a sa batun gadon 'yan aji ɗaya da lakcar ƙarfe takwas a ajandar zama na gaba.