Kada ka ɓoye akwatin a jikin gadar Gillespie

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya ɓoye akwatin hatimi da ɗan littafinsa, na wasan nan da ake ɓoye akwati wasu su bi kwatance su nemo shi, a jikin gadar Gillespie ta jihar Arizona a Amurka, wadda aka gina a 1927 kan kogin Gila. A'a, kada ka maƙala shi a ƙarfen gadar. Nemi izinin masu kula da wurin, ka sa shi ƙarƙashin dutse mai inuwa, gadar ta zama alamar farko a kwatancenka.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Zafin bazara can yakan wuce digiri 43. Ƙarfen ya gasa robar akwatin, tawada ta bushe ƙamas, hatimin da na kwana ina sassaƙawa ya lalace. Kuma ka gargaɗi masu nema su fara zungurar wurin da sanda kafin su zura hannu, macizai ma inuwar suke so.