Wai me yasa kwamfutar kwantam bata son hayaniya?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji ance kwamfutar kwantam sai an sata a firij, wai hayaniya na ɓata mata lissafi. Wace irin hayaniya ce haka, ta mutane? Kuma yaushe zata shigo waya?

Amsa: Yawwa ɗan uwa, naji daɗin tambayar nan. Ba surutun mutane ake nufi ba, ana nufin duk wani abu na kewaye da zai taɓa ta, zafi ne, maganaɗisu ne, ɗan rawar lantarki a cikin wayoyin na'urar, har da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi dake faɗowa daga sararin samaniya.

Ita wannan kwamfuta da kyubit take aiki, wani ɗan abu mai mataki biyu kacal, na ƙasa 0 na sama 1, kuma yana iya zama a gauraye tsakanin biyun. To inda matsalar take, tazarar matakan nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, a irin na Google da IBM kusan gigahaz 5 ce (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawa ne) wanda in ka auna da zafi bai kai kelbin ɗaya ba, kusan 0.24 (kelbin ma'aunin zafi ne da yake farawa daga ƙarshen sanyi), kaga kenan ɗumin ɗaki ma kaɗai ya isa yayi ta cilla shi sama da ƙasa ba tare da kowa ya sashi ba. Shi yasa ake sanyaya shi zuwa wajen milikelbin 10 zuwa 20 (milikelbin kashi ɗaya ne cikin dubu na kelbin), sanyin da ya fi na sararin samaniya mai kelbin 2.7.

Ɓarnar iri biyu ce. Akwai wadda kyubit yana kan 1 sai kewaye ya tsotse masa kuzari ya faɗo 0, lokacinta ake kira T1. Ta biyun, T2, ita tafi damuna don bata nuna kanta, bai faɗo ba amma ya saki layi. Kamar makaɗan kalangu biyu ne da suka fara tare, a hankali ɗaya ya fara jan hannu, kowa na kiɗansa amma mai rawa ya rasa wanda zai bi.

Tun 1932 masana kimiyya Landau da Zener suka lissafa cewa in ka juya irin wannan abu a hankali zai zauna a matakinsa, in kayi sauri sai ya tsallaka ɗayan. Sai kace to a bi a sannu mana, amma duk daɗewar da kayi kana ƙara bai wa hayaniya lokaci ne, nan injiniyoyi suke shan wahala. Abin mamaki kuma in kewayen yayi sanyi sosai yakan taimaka ma, ya jawo kyubit ya dawo ƙasa, da haka ake share shi kafin sabon lissafi.

Batun waya kuwa kar ka sa rai yanzu gaskiya. Willow, ƙwaƙwalwar kwamfutar kwantam da Google ta nuna a Disamba 2024 kyubit 105 gareshi, kuma kowanne baya riƙe bayani ya wuce kusan maikirosakan 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan, duk da yana cikin firij ɗin da ya fi mutum tsayi.