Amsa ga ƙanwar da ke shirin kai yara Shamoni a watan Disamba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki na kasa wucewa, domin hanyar da kike shirin bi na bi ta, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kin ce maigidanki yana da taro a Jeneba a watan Disamba, yana so in an tashi ku wuce Shamoni, garin tsaunuka a ƙasar Faransa, da yaranku biyu su ga dusar ƙanƙara, wani ejan ya ce ku ba shi kuɗi a dunƙule ya haɗa muku biza da jirgi da otal da mota. Kina tambaya ko a ba shi, da kuma ko rigunan sanyin Kasuwar Barci za su ishe ku. Ki yi haƙuri da ni in na yi tsawo.

Kada ku ba shi a dunƙule. Don Allah kada ku ba shi.

Namu ejan ɗin ba baƙo ba ne. Ƙanin mijin aminiyata ne, ya ci tuwo a gidana, Anti yake ce mini, in ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Ya kawo takardu tsaf a cikin fayil, da takardar otal mai hoton tsauni a kai. Biza ta fito, muka yi hamdala, har tukwici Abban yara ya ba shi. Ashe ɗakin kama shi kawai ya yi ba tare da ya biya ba, irin wanda ake sokewa kyauta, don a nuna wajen neman biza. Biza na fitowa ya soke, kuɗinmu kuma yana aljihunsa.

Muka hau jirgin ƙasa a Rigasa, muka tashi daga Abuja, muka sauka Jeneba da yamma a gajiye. Direban da aka ce zai tsaya da sunanmu a kwali babu shi babu dalilinsa. Muka kira ejan, waya na ringin ba a ɗauka, daga baya ma aka kashe ta. Abban yara ya samo mana gurbi a wata bas ta haɗaka, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai, muka shiga Shamoni dare ya yi. Yarinyar da ke teburin otal ta buga sunanmu, ta sake bugawa, ta ɗago ta dube mu da tausayi ta ce an soke tun makonni da suka wuce. Kuma makon Kirsimeti ne, garin a cike yake maƙil.

Ƙanwata, ban taɓa jin ƙasƙanci irin na daren nan ba. Ga akwatuna, ga yara, ga ƙasar da ba mu jin yarenta. Abban yara ya bar mu a bakin wani shago ya shiga bin otal-otal da ƙafa, yana shiga yana fitowa, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba. Ƙaramar 'yata ta yi ta kuka wai yatsunta na ciwo, na cusa hannayenta cikin rigata, na rufe ta da hijabina. Can sai ta yi shiru. Shirun nan ya fi kukan tayar mini da hankali, na riƙa girgiza ta ina kiran sunanta, ina Innalillahi a fili, mutane na wucewa da dariyarsu suna ɗauke da allunan wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a kafaɗa. Na ce a raina, ni na ɗauko 'ya'yana daga ɗakinsu mai ɗumi a Kaduna saboda na yarda da wanda ke ce mini Anti. Yarinyar otal ɗin nan, Allah ya shirye ta ya saka mata, ita ta leƙo ta gan mu, ta mayar da mu ciki, ta kawo wa yara madara mai zafi, ta yi ta buga waya har ta samo mana ɗaki a wani gari can gangaren kwarin. Kuɗin da muka biya a daren nan da na tasi, shi ne rabin guzirinmu.

Da muka dawo ya ce wai matsalar intanet ce. Da aka nuna masa ranar da aka soke da adireshin imel ɗin da ya soke, sai ya turo manya. Aka zauna a falona ana ce mini a bar wa Allah, ai zumunci ya fi kuɗi, ai yaro ne. Yaro mai mata da 'ya'ya! Ba wanda ya tambaye ni lafiyar 'yata a zaman nan, ko mutum ɗaya. Ya biya wani abu kaɗan-kaɗan, sauran har yau shiru. Aminiyata ta daina zuwa gidana, wai na tozarta dangin mijinta, kuma wannan ya fi kuɗin ci mini rai. Shi kuwa har gobe yana tallar tafiye-tafiye a WhatsApp, da hoton tsaunin nan dai da ya sa mana a takarda. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ban ce naku haka yake ba, akwai na kirki. Amma na kirki ba zai ji haushi don kin bincika ba.

To ga yadda za ki bincika. Ki karɓi lambar kamun ɗakin, ku kira otal ɗin da kanku ko ku aika imel, ku tambaya kai tsaye ko an biya, kuma ku sake tambaya saura 'yan kwanaki ku tashi. In za ki nema a waya, Chamonix ake rubuta sunan garin. Tikitin jirgi ma akwai lamba a jiki, ki sa ta a shafin kamfanin jirgin ki ga sunayenku da idonki. In da hali ku biya otal da katinku, shi ejan a biya shi ladan aikin biza kawai. Ki kuma dubi taswira, domin kwarin dogo ne, akwai Les Houches daga ƙasa, akwai Argentière da Le Tour daga sama, duk ana iya ce miki Shamoni ne alhali sai kin hau bas ko jirgin ƙasa kafin ki shiga gari. Ba laifi ba ne zama can, sau da yawa ma ya fi sauƙi, amma ki sani tun kina gida.

Batun biza, Jeneba a Suwizalan take, Shamoni a Faransa, duka bizar Shengen ɗaya ce ke shiga, sai dai ana nema ne a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, don haka ku ƙirga kwanakin taro da na hutu. Kuɗinsu ma daban, a Jeneba faran na Suwizalan, a Shamoni yuro. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000. Ki karanta ta da kyau, domin ba kowacce ce ke ɗaukar raunin wasan zamiya ba, kuma a Faransa in mutum ya faɗi a filin zamiya aka sauko da shi, biya ake yi. Wajen sayen tikitin hawa motar igiya zuwa filin zamiya akwai ƙaramar inshora ta kullum da ake ƙarawa, ku ƙara. Lambar gaggawa 112 ce, ki sa babban yaronki ya haddace.

Kafin in manta, kuma wannan ya fi komai: akwai mai sikila a cikinku? In akwai, ku ga likita kafin ku biya ko sisi. Sanyi mai tsanani da hawa wuri mai tudu sosai, inda iskar shaƙa ke raguwa, duka suna tayar da ciwon. Haka mai asma, haka in kina da juna biyu. Garin kansa yana kan mita 1,035 ne, wannan da sauƙi. Amma motar igiyar da ke hawa tsaunin Aiguille du Midi tana ɗaga mutum zuwa mita 3,842 cikin kamar minti ashirin. Ni da nake lafiya lau, taku kaɗan na yi a can sama na ji kaina na sarawa, numfashi na yi mini wuya. Ƙananan yara sosai ba a ma barinsu su hau. In kun hau ku tafi a hankali, ku sha ruwa, wanda ya ji jiri a sauko da shi, ba jarumta a ciki.

Kasuwar Barci kuwa, je ki abinki. Gwanjon nan ai daga ƙasashen sanyin yake fitowa, na ga rigunan da suka fi na shagunan can a cikin dila. Sai dai ki san abin da kike nema. Sanyin can ba hunturunmu ba ne, ba ma na Jos ba ne. Kin san in kin daɗe da hannu cikin firizar masu sayar da ƙanƙara yadda yatsu ke yin zugi? To haka iskar take a fuska, ga kuma jiƙa, domin dusar na narkewa a jiki. Ki nemi babbar riga da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa, ki ɗiga musu ruwa a gaban mai kaya ki gani. A ciki a sa suwaita ta ulu, can ciki kuma riga da wando masu kama jiki waɗanda ba auduga ba, don auduga in ta sha gumi sai ta yi sanyi ta manne. Safar hannu mai hana ruwa, kowane yaro biyu, don suna jiƙewa kuma suna ɓata. Takalmi mai tudun ƙasa da zane, ya ɗan fi ƙafa girma saboda safa mai kauri. Doguwar abaya tana jan ruwa a ƙasa ta daskare, ni dogon kwat na koma sawa a kan wando mai faɗi, da hijabi mai kauri da hula a ciki, kuma ban ji na fita daga sutura ba. Ki tafi da man kaɗanya don leɓe da fuska, da baƙin gilashi ga kowa, hasken rana a kan farar dusa yana cutar da ido. Takalman zamiya da alluna da hular kwano kada ki saya, haya ake bayarwa ko'ina.

Abinci sai kin buɗe baki kin tambaya. Dankalin nan da cuku da suke ji da shi, tartiflette, da naman alade ake yi. Narkakken cukun da ake tsoma burodi, fondue, da giya ake dama shi. Gara ku kama ɗaki mai kicin ki riƙa dafa shinkafa da taliya da ƙwai da kifi. Ki ɗauki yajinki da garin kunu, amma kilishi da dambun nama ki bar su a gida, ba a yarda a shigo da nama ko kayan madara daga wajen Tarayyar Turai ba, karɓewa za su yi. Rana gajera ce, wajen ƙarfe biyar magariba ta yi, tsaunuka kuma na tare rana tun kafin nan. Ku matafiya ne, ki tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi kafin ku tafi, don cire takalman nan a tsakiyar dusa don alwala aiki ne.

Zamiyar kanta, kada wani ya ce wa maigidanki ai abu ne mai sauƙi ya biyo shi sama. Shamoni ta yi suna ne da gangara masu tsauri, a nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, gwanaye ne ke tururuwa can. Hanyoyin da launi ake rarrabe su: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na ƙwararru. Ku tsaya a kore. Akwai filayen koyo a gefen gari, irin su Les Planards da Le Savoy, akwai malamai masu jajayen riguna da ke koyar da yara cikin haƙuri. Ɗana da ya fara tsayawa da kansa ya juyo yana kiran Umma ki gani, sai da na share hawaye, na farin ciki a wannan karon.

Shi ya sa ba zan ce miki kada ki je ba. Safiyar farko da na buɗe labule na ga tsaunukan nan fari fat, Mont Blanc da ya haura mita 4,800 a tsaye a kan gari, ba abin da ya fito bakina sai Subhanallah. Ko ba ki taka allon zamiya ba akwai abin gani. Ku hau jan jirgin ƙasan nan da ke hawa zuwa Montenvers, ku ga Mer de Glace, wato daskararren kogin ƙanƙara da ake sassaƙa kogo a cikinsa. Lokacin da muka je akwai alluna a jikin dutse da ke nuna inda ƙanƙarar take a shekarun baya, kina sauka kina ganin yadda ta ja da baya, abin ya tsaya mini a rai ganin yadda zafi ke ƙaruwa a wajenmu ma. Akwai kuma ramin mota mai tsawon kilomita 11.6 da ya ratsa ƙarƙashin Mont Blanc tun 1965, kina fita kin shiga Italiya, bizarku ta isa.

In taron farkon Disamba ne, ki sani wani lokaci dusa ba ta gama sauka cikin gari ba, wasu filayen ma ba a buɗe ba, sai ku tambayi otal. In kuwa ya faɗa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, komai tsada yake kuma ɗaki wuya, nan ne fa za ki ninka bincikenki. Idan maigidan zai yi hayar mota, ya tabbatar tana da tayoyin hunturu ko sarƙa, doka ce a yankin daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris, ni dai na fi so ku hau bas.

Yaran naki shekarunsu nawa ne? Rigunan yarana da wandunansu da takalma suna nan a akwati, sun yi musu kaɗan. Ki yi mini magana ta gefe, in girman ya yi daidai ki aiko a karɓa, sai ki rage abin da za ki nema a kasuwa.