An cire wa Mama madaciya, Panadol kaɗai zai isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, daga Jidda nake. Shekaranjiya aka cire wa Mama madaciya, irin tiyatar huda ciki ɗin nan, aka sallame mu da Panadol kawai. Maƙwabciyarmu ta ce in siyo Voltaren ya fi ƙarfi, har ta ce tana da ragowar tramadol. Mama na da olsa da hawan jini, kuma yanzu kafaɗarta ta dama ce ma ke damunta.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Ki tsaya a kan Panadol ɗin nan, likita bai raina ciwonta ba. Matsalar mutanenmu sai ciwo ya taso sannan a sha, alhali a kwanakin farko gara ta riƙa sha kan lokaci, ƙwaya 2 na 500mg duk bayan awa 6, kar ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya, in kuma tana da ciwon hanta ko ba ta da jiki sosai to likita ne zai rage mata. Ki duba kwalayen gidan, Adol da Fevadol duk paracetamol ne, magungunan mura da yawa ma akwai shi a ciki, kar a haɗa mata biyu ba a sani ba.

Voltaren da Brufen suna aiki sosai bayan irin wannan tiyatar, amma ba ga mai olsa da hawan jini ba, suna iya sa ciki ya yi jini, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jinin. Ko a saidaliyya, wato kantin magani, aka miƙo miki ki ce a'a sai likitanta ya yarda.

Tramadol kuwa don Allah kar ki karɓa. Yana kawo jiri da amai da taurin bayan gida, mai sabon ɗinki a ciki kuma yunƙuri wahala ne, ga shi a Saudiyya riƙe shi ba takardar likita laifi ne babba.

Ciwon kafaɗar nan iskar da ake hura wa ciki ce lokacin aikin, cikin kwana 2 zuwa 3 yakan lafa. Ki kama hannunta ku riƙa zagaya falo a hankali bayan kowace sallah, ki ba ta matashi ta danne cikin idan za ta yi tari.

Amma idan kika ga zazzaɓi, ko idonta ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon sai ƙaruwa yake, ku koma asibiti a ranar, ko cikin dare ne.